Butar Malam Abashe

Ranar Laraba, bayan an dawo tara,
Malam Abashe ya ɗora buta a kan tebur,
tsohuwar butar ƙarfe, gefenta a lotse.
Ya ce, "Ku zana."
Ko kai ban ɗaga ba.
Wa bai san buta ba?
Da irinta na yi alwalar asuba.
Kafin Hurera ta gama feƙe fensir
na gama tawa: ciki kewayayye, baki a miƙe,
sumul, kamar yau ta baro kasuwa.

Ya tsaya a bayana, yana ƙamshin alli da goro.
"Lurwanu, wannan butar wa ce?"
Na nuna tebur.
"A'a. Wannan ta cikin kanka ce.
Waccan ta sha faɗuwa. Ina lotsawar?"

Mako uku muna kan buta ɗaya.

Na koyi riƙe fensir daga can wutsiyarsa,
sako-sako, kamar kada in tashe shi daga barci.
Na koyi miƙa hannu, in rufe ido ɗaya,
in auna tsawo da farcen babban yatsa.
Na yi ta gogewa har takarda ta huje,
ta hujin na hango gwiwata.

Da aka zo kan fenti,
kwalba biyar ce, mu arba'in da biyu,
ana ɗiga mana a murfin lemo.
Shuɗi ya taɓa ruwan ɗorawa, kore ya fito,
aji ya ɗauki salati.
Ni sarkin gaggawa na ƙara ja, na ƙara baƙi,
sai ga launin kwata bayan ruwan Agusta.
Malam ya ce kada in zubar,
akwai ranar da zan neme shi.

Ya ce inuwa ba baƙa ba ce. Na yi musu.
Ya fitar da mu gindin darbejiya,
ya ce in dubi bango har idona ya gaji.
Da ya gaji ɗin ne na ga shuɗi-shuɗi a ciki,
da wani ja mai kunya a bakin-baki.
Ya ce farin da ke cikin zane kuwa
wurin da ka yi haƙuri ka bari ne.

Tun daga nan hanyar gida ta ƙara tsawo.
Titin Ƙofar Ƙaura yana tsukewa a gabana
har ya shige tsakanin yatsuna biyu.
Gobarau, da na ɗauka launin ƙasa ce kawai,
da safe daban, da la'asar daban,
gab da magariba ban ma san sunan launin ba.

Sai aikin gida: a zano hannu.

Baba na zaune kusa da injin markaɗensa a Rafin Daɗi,
an ɗauke wuta, hannunsa na hutawa a kan gwiwa.
Na zana yatsu biyar, cif.
Na duba takarda, na duba hannun.
Manunin ya tsaya ne a gaɓa ta biyu,
tun shekarar da bel ya kama shi, ina goye.
Kullum ina ganin hannun nan,
a kwanon tuwo, a kan ƙeyata,
ban taɓa kallonsa ba.

Na goge. Na datse yatsan inda ya tsaya.
Baƙin mai da ya zauna a tsagar fatarsa,
launin kwatar nan ne ya yi masa daidai.

Baba ya karɓa, ya daɗe bai ce komai ba.
Ya sa hannun a aljihu.
Ya sake fito da shi, ya jera da takardar.
"Ashe haka yake," in ji shi.

Ya samo ƙusa ya kafe ta a bangon shago.
Yanzu tattasai ya fantsama mata ja a kusurwa,
ƙullun ƙosai ya ƙara mata fari.

Ranar Laraba Malam ya bi layi yana karɓar aiki.
Na ce nawa yana jikin bango.
Ya rubuta mini sifiri da jan biro,
ya tura gilashinsa sama,
ya tambaye ni kwatancen shagon.